Laifin Masara

Kana ce mini ai da idonka ka gani. To, shi ma wani magini da idonsa ya gani. Yana da 'ya ɗaya tilo, mai son gasasshiyar masara kamar ranta. Damina ta yi nisa, masara ta nuna, ta ci, ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da ita. Da shekara ta zagayo aka sake haka. Sai ya ce ai ya kama ɓarawonsa. Ya shiga bayan gida ya sare masararsa tas, ya rantse ba za a ƙara gasa ta a gidansa ba. Maƙwabcinsa ya tuna shi ma ɗansa ya taɓa ci ya kwanta. Wata ta ce nata ma haka. Ba wanda ya tambayi labarin yaran da suka ci suka ƙoshi ko ciwon kai ba su yi ba, balle jariran da zazzaɓin ya kama alhali ko haƙori ba su fitar ba. Ba mai son a ce shi kaɗai ne bai gane ba, don haka kafin ka ce kwabo unguwa duk ta gane. Tsohuwar da ke gasa masara a bakin hanya ta ga ana janye yara daga gabanta kamar mayya, ta kwashe kayanta ta bar garin.

Damina ta gaba ko kara ɗaya na masara babu a unguwar. Hankalin magini kwance, ko gidan sauro bai ɗaura wa yarinyar ba. Ramin da yake haƙar ƙasar gini a gindin katangarsa kuwa ya cika da ruwa kamar kowace shekara, sauro na tashi daga ciki. Ruwan saman da ke raya masara shi ke cika ramin, shi ya sa masara da zazzaɓi suke zuwa tare. Da jikin yarinyar ya yi zafi, uwar ta ce a kai ta asibiti, ya ce, "Haba, me ta ci da za ta yi zazzaɓi? Mura ce." Sai da ta fara sanƙarewa ya saɓa ta a kafaɗa, ba su kai ba. Abin da ya fi ba ni takaici, a zaman makoki ana ta raɗe-raɗin wane ne ya ba ta masara a ɓoye. Shi ne Hausawa ke cewa, an bar jaki ana dukan taiki.