Inuwar Lawwali

Tun da aka kafa dokar inuwa, duk ɗan wasan tanis sai ya kara sau ɗaya a shekara da mutum-mutumin da aka ƙera da siffarsa. Ranar da inuwar ta ci shi, ita za ta ci gaba da wasa da sunansa.

Shekara tara Lawwali yana doke tasa. Yau da hantsi ma ya doke ta, amma da ƙyar da jiɓin goshi, don har ɗingishinsa ta koya.

Ya fito daga fili yana haki, inuwar tana biye da shi cikin fararen kaya irin nasa. A bakin ƙofa ya tarar da Inna ta kawo masa fura. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka tun da ya yi wayo ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta haɗa ido da shi.

Sai ga shi ta zuba masa ido, ta taɓe baki.

"Kai ne Lawwalin nasu na ƙarfe? Matsa yaron nan ya wuce."

Ya matso kusa da ita. "Inna, ni ne fa."

"Har muryar suka ba ka? Allah ya sawwaƙe."

Inuwar ta durƙusa ta gaishe ta. Inna ta kawar da kai don kunya, ta miƙa mata kwanon furar.