Makullin Bakin Zani

Wata mata ce ta rasa miji, ta samu asibiti. Ƙaramin asibitin haihuwa ya bar mata a gari, da reshe ɗaya a ƙauye, sunansa rubuce a allon ƙofa. Karatunta bai wuce ta gane wannan suna ba, amma a kasuwar hatsi ta girma, ba a taɓa auna mata da ƙaramin mudu ba. Da gara ta cinye katunan masu zuwa awo, dillalan manhaja biyu suka yi sallama. Na farko ya ce tasa a cikin kwamfuta ɗaya ake girka ta, ko da sabis ko babu tana aiki. Na biyu ya ce tasa ta intanet ake buɗewa, a kowace waya ko kwamfuta, sai dai bayanan na ajiye can nesa, kuma sai da sabis. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, ka taɓa ganin an gina rumbu a gonar da ba a san hanyarta ba?" Ta ɗauki ta farko, ta kulle kwamfutar a ɗakin marigayi a asibitin gari, ta ƙulle makullin a bakin zaninta. Ita ke buɗewa da safe, ita ke rufewa.

Ana nan sai ta tafi ta'aziyya wani gari, makulli na jikinta. Da hantsi aka kai wata mai naƙuda reshen ƙauye, jini na zuba. Ungozoma ta san akwai allurar da jikin matar ba ya karɓa, amma wacce? Amsar na cikin kwamfuta, kwamfuta na bayan kwaɗo, makulli na zaman makoki. Sai da aka ɓalle ƙofar da gatari aka karanto mata ta waya. Allah ya kiyaye uwa da ɗa, amma matan ƙauyen suka fara cewa asibitin ya mutu da mai shi.

Wannan magana ce ta hana ta ci. Ta aika aka kira dillali na biyu, ba ta ba shi kujera ba. Ta kai shi ƙauyen, ta tsayar da shi a ɗakin haihuwa inda sabis ke wuya, ta ce ya buɗe ta gani. Ta sa ya yarda kowace ungozoma da tata lambar sirri, kuma duk mako za a sauko mata da kwafin bayanan cikin tsohuwar kwamfutarta, don ranar da sabis ya ɗauke. Ya gaji ya ce, "Hajiya, komai ni na sauko. Ke me kika bari?"

Ta kwance bakin zani, ta ajiye makullin a tebur. "Wannan. Ba kuma kai na bar wa ba, sunan da ke allon can na bar wa."

Shi ya sa Hausawa ke cewa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.