Waƙar Baba

Baba ya tsayar da keken ɗinki, ya tambayi 'yarsa da hannu: "Almakashi yana ƙara?"

Shi da Inna kurame ne. 'Yar tasu kaɗai ke ji a gidan, don haka kullum sai ya tsare ta da tambaya.

"Yana yi," ta amsa da yatsu.

"Hayaƙi fa?"

Ta tuntsire da dariya.

Ya nuna ƙirjinsa. "Ni dai shiru nake."

"Kai? In kana ɗinka rigar Inna, 'yar waƙa kake yi a maƙogwaro. In ta mutane ce, tsit."

Ya shafa wuyansa, kunya ta kama shi. "Kar ki faɗa mata."

"Baba, ka ɗauka don me take dafa bayanka in kana ɗinki?"