Mai Gardamar Moduganari

A ƙarƙashin wata dalbejiya a unguwar Moduganari, Thomas ya ɗaga hoton bam na uku, ya ga rabin taron na hamma. Manoma ne. Gobe da safe motoci za su mayar da su ƙauyensu bayan shekara tara, ga shi ba a gama tsince abin da yaƙi ya bari a gonakinsu ba. Abin da bai shiga kunnensu yau ba, sai dai su gamu da shi a bakin fartanya.

Yau ne farkon tsayuwarsa gaban jama'a. Jannatu, wadda ta shekara biyar a wannan aiki na wayar da kai, tana zaune gefe hankali kwance. Ta dubi agogo, ta gyara mayafi.

Sai wani tsoho ya miƙe daga can baya, hannunsa na hagu cikin aljihun jamfa.

"Malam, wannan ƙarfen naka ai tsatsa ta cinye shi. Ni in na gani, maƙeri zan kai wa ya yi mini lauje."

Thomas ya fara bayani, tsohon ya katse shi. Wai abin da ya sha damina goma a ƙasa ya daɗe da mutuwa, in kuma tsoro ake ji, a zungure shi da sanda tukuna.

"Sanda kuma, Baba?" in ji wata mai goyo. "Ba ka ji an ce ko dutse kada a jefa ba?"

"To, sai in janye shi daga hanya saboda yara."

Nan fa wuri ya kaure. Masu hamma suka wartsake, kowa na son ya ƙure tsohon. Wannan ya ce a koma ta sawun da aka zo, wancan ya ce a sa alama daga nesa, mata suka haɗa baki: a gaya wa bulama, mai unguwa! Sau uku suka maimaita masa darasin, har da abin da Thomas ya ɗauka ba su ji ba. Aka watse ana dariya, ana ta kwaikwayon muryar tsohon.

Thomas dai bai yi dariya ba. Mutum ɗaya ya rage da bai gamsu ba, kuma gobe zai shiga gona da wannan taurin kai. Ya bi shi har bakin titi.

A cikin keke mai ƙafa uku ya same shi, Jannatu na gefensa tana buɗe masa robar ruwa.

"Thomas, ga mahaifina," ta ce. "Baba, yau ka zuba gishiri. Maganar sandar nan ba ta cikin abin da muka shirya."

"Tana cikin abin da na yi ranar," in ji tsohon yana dariya, ya zaro hannun hagu ya karɓi ruwan da yatsu biyun da suka rage masa.