Dodon Da Ke Gaisuwa

"Sun lalata dodon nan!" Gershon ya buga tebur a shagon abincin Lai'atu. "A littafi gurnani yake yi. A talabijin kuma sai ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya gaishe ka, sannan ya kashe ka? Shirme!"

Wani baƙo ya yi dariya. "Masu fim sun fi ka gaskiya. In ba ka yi gaisuwa ba, wa zai buɗe maka?"

Lai'atu ta ajiye ludayin da ke hannunta. Haka wani mai rufaffiyar fuska ya gaishe ta a ƙauye, ta buɗe, aka kashe ɗanta. Tun da ta gudo Kafanchan, ba ta gaya wa kowa sunan yaron ba.

Baƙon ya miƙe. "Sai an jima, Maman Kaleb."