Ruwan Bula

Da hantsi rariyar tsakar gida ta fara amayar da abin da ta haɗiye. Baƙin ruwa ya bulbulo, ya malala har gindin murhun matar direba. In aka zuba ruwa a banɗakin wannan, sai na wancan ya yi gurnani. Wari ya hana kowa sakat.

Mai ɗinki ta cusa tsummoki a ƙarƙashin ƙofarta, ta danne da ƙafa. Mijinta, Malam, yana kwance a ɗakin ciki, bai daɗe da fitowa daga asibiti ba. Likita ya ja mata kunne a kan abu biyu: a nesanta shi da ƙazanta, a kuma sa ido a kan cin abincinsa. Ranar da ya kasa ci, a mayar da shi gado ba jira. Malam kuwa ya ce shi da asibiti har abada.

Cin ne ya riƙe mata zuciya. Ramar ba ta sake shi ba, amma yana ci. Ba ya dai son a zauna masa a kai. "Ni jariri ne?" yake cewa. Sai ta ajiye ta ja masa ƙofa, an jima ta ɗauko kwano tas, ta je ta ba 'yan'uwansa labari a waya.

Mai gidan haya ya iso yana toshe hanci da hularsa. Matar direba ba ta bari ya gama sallama ba.

"Alhaji, ka tambaya wa ke yini da tukunya a kan wuta a gidan nan. Romo, nama, romo, nama. Mu da muke dafa wake, ina muka ga maiƙo?"

"Duk wanda aka kama da laifin nan," in ji Alhaji, "ya nemi wani gidan. Na gaji."

Mai ɗinki ta dubi ƙofar ɗakinta. Ina za ta kai mutumin da ko zuwa ƙofa sai ya dafa bango?

Mai gyaran famfo ya zo da sandunan roba masu haɗuwa da juna. Ya ɗaga murfin simintin ramin da bututun kowane sashe ke zubowa, ya tura sanda cikin babban bututun da ke fita waje. Ya tura, ya murɗa, ya ja. Wani farin curi ya biyo, kamar sabulun da ya kwana a ruwa, da ƙwayoyin shinkafa manne a jikinsa.

"Ba saiwar itace ba ce, bututu kuma bai fashe ba," ya ce. "Abinci ne. Maiƙo in ya huce daskarewa yake, ya kama duk abin da ya zo wucewa."

Idanu suka juyo kan mai ɗinki.

"Wallahi tallahi ban taɓa ba," ta ce. "A gwangwani nake tara maiƙo. Ko ruwan wanke-wanke sai na tace." Ta durƙusa a bakin ramin, ba ta damu da zanenta ba. "Ɗan nan, don girman Allah ka duba da kyau. Ina da marar lafiya."

Ya leƙa. Bakunan bututun duk fes suke, ban da guda ɗaya da farin abin ya yi wa kumburi.

"Inna, akwai bula a gidan nan?"

Aka dama bula a bokiti. Za a zuba a kowane sashe, in ji shi, a ga ta bakin da shuɗin zai fito. Aka fara da na matar direba: ya fito ta baki mai tsabta. Ta tafa hannu ta riƙe ƙugu. Aka zuba a na ɗaliban da ke haya a ɗaya sashen, haka. Saura na mai ɗinki.

Da kanta ta ɗauki bokitin zuwa madafa. Shuɗi ya fantsalo ya ɓata mata ƙafa. Ta zuba, ta dawo a guje tana salati. Ruwan ya daɗe kamar ba zai zo ba. Sannan ya sulalo, ta baki mai tsabta.

Hawaye suka zubo mata, tana dariya. Alhaji ya sosa ƙeya. Matar direba ta sami abin kallo a sama.

"To wannan na ina ne?" in ji mai gyara. "Akwai inda ba mu zuba ba?"

"Sai banɗakin Malam," in ji mai ɗinki. "Shi kuwa me zai shiga? Kawo, a gama magana."

Ta same shi ya juya fuska ga bango, kwanon karin kumallo a gefe, a share. Da ya ga bokitin sai ya kamo bakin zanenta. Hannun ba nauyi, kamar na tsuntsu.

"Bar shi mana. Zauna kusa da ni."

"Yanzu zan dawo, Malam. Bari in wanke mu."

Ta zare zanen a hankali, ta shiga, ta tuttule bokitin duka. Ta fito tsakar gida da kai a sama, ta tsaya kusa da Alhaji.

Shuɗin ya ɓullo ta bakin da ya kumbura, yana turo shinkafa da 'yan gutsattsarin nama, ƙanana ƙwarai, irin yankan da ita kaɗai ke yi don kada ya wahala wajen tauna. Duk kwanon da Malam ya miƙo mata tas tun ranar da aka sallamo shi, ashe nan ya juye shi.