Idon Inna na Hagu

Tun da aka kafa dokar cewa duk zanen da ba shi da kuskure aikin inji ne, ba a shiga baje koli sai da aibi. Ni kuwa, Barau sarkin wauta, na ƙarar da ƙuruciyata ina hana hannuna karkacewa.

Na kai hoton marigayiya Innata. Lantana, jami'ar da ke ƙofa, ta haska shi sama da ƙasa.

"Baba, wannan ya cika kyau. Ba zai shiga ba."

"Ke! Da hannun nan na zana shi! Dubi fenti a farcena."

"Kowa haka yake cewa. Ɗan ɓata wani wuri mana." Ta miƙo mini tsumma mai warin kananzir, ya yi dabbare-dabbare da fentin hotunan mutane.

Na ce to, a ɓata kallabin. Ta ce kallabi ba ya cikin doka, sai fuska.

Na karɓi tsumman. Sannan na goge wa Inna idon hagu, wanda take hararata da shi.

"Ma sha Allah," in ji Lantana tana buga hatimi. "Yanzu na ga hannun mutum."